Daji Ne Ko Gona? Yadda Tauraron Ɗan'adam Ke Gano Gonakin Yazawa

Gabatarwa

Yazawa, wadda wasu ke kira kashu, baƙuwar bishiya ce a nahiyar Afirka. Asalinta daga arewa maso gabashin Birazil ne, kuma Turawan Fotugal ne suka kai ta Indiya da gaɓar tekun Afirka a ƙarni na 16. Tana jure fari, tana yi a ƙasar da ba ta da ƙarfi, sannan takan fara 'ya'ya bayan kamar shekara 3 da dasawa. A arewacin Kwaddibuwa an fara dasa ta a wajajen 1960 domin raya daji da hana zaizayar ƙasa. Da kasuwar ƙwallonta ta buɗe a Indiya da Biyetnam, sai manoma suka rungume ta, har ƙasar ta zama kan gaba a duniya, inda ta samar da fiye da tan miliyan ɗaya a 2023. A Nijeriya ma ana nomanta sosai a jihohin Kogi da Kwara da Oyo da Inugu.

Tambayar da ke gaban masana ita ce: a ina ake samun filin da ake dasa waɗannan bishiyoyi? Tsofaffin gonaki ne, ko kuwa daji ake sarewa? Ƙananan manoma ne ke da mafi yawan gonakin, a warwatse cikin ƙauyuka, kuma ba su cikin rajista. Bin su da ƙafa ana aunawa aiki ne da ba ya ƙarewa. Wannan shi ya sa aka koma ga tauraron ɗan'adam.

Yadda tauraron ke gani

Tauraron ɗan'adam na'ura ce da ake harbawa sama tana kewaya duniya. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972. Na baya-bayan nan suna tafiya a nisan kilomita 705 daga ƙasa, kuma kowanne yakan sake bi ta kan wuri guda bayan kwana 16. Turai ta harba Sentinel-2 na farko a 2015. Nijeriya kuwa ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 a 2011.

Hoton da tauraro ke ɗauka ya ƙunshi ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, kamar gidajen dara. Kowane gida a hoton Landsat yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900. Tun da hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, gona mai hekta ɗaya ba za ta wuce gida 11 ba. A hoton Sentinel-2 kuwa, inda gida yake mita 10 da mita 10, gonar za ta cika gida 100. Ke nan gwargwadon ƙanƙantar gidajen, gwargwadon yadda ƙaramar gona ke fitowa sarai.

A kowane gida na'urar tana auna hasken rana da ya bugi ƙasa ya komo sama. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, amma yana mayar da mafi yawan wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ake kira infared. Masana sukan ɗebe adadin jan haske daga adadin infared, sannan su raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Wannan shi ne ma'aunin NDVI. Misali, a ce infared ya ba da 50, ja ya ba da 10: za a raba 40 da 60, a sami 0.67, alamar ganye mai yawa. Idan kuwa infared 30 ne, ja 25, za a raba 5 da 55, a sami 0.09, alamar fako ko busasshiyar ciyawa.

Rarrabe yazawa da daji

Da damina ko'ina kore yake, gona da daji duk ɗaya. Sirrin aikin yana ga rani. Idan hunturu ya kama, an girbe hatsi, ciyawa ta bushe, yawancin itatuwan dajin sabana sun kaɗe ganye, amma yazawa tana nan da ganyenta, a lokacin ma take fure. Saboda haka ba a dogara da hoto guda. Akan jera hotunan watanni da yawa a ga wurin da korensa bai gushe ba.

Sai dai ba yazawa kaɗai ke da ganye da rani ba. Mangwaro ma haka yake, da itatuwan kurmin bakin rafi. Gawo kuwa, kamar yadda manoman ƙasar Hausa suka sani, da rani yake tofo. A nan akan duba siffa: gonar yazawa tana da iyaka, kawunan bishiyoyin a zagaye suke, tsawonsu kusan ɗaya, wani lokaci a jere. Dajin Allah kuwa gauraye yake, manya da ƙanana.

Kwamfuta ce ke yin wannan tantancewa, amma sai an koya mata. Ma'aikata kan shiga ƙauyuka da na'urar GPS su zagaye gonakin da suka tabbatar na yazawa ne, haka kuma su yi wa daji da gonakin hatsi. Da kashi ɗaya na waɗannan misalai ake horar da kwamfutar, sauran kuma a ɓoye mata domin a jarraba ta daga baya. Taswirar da ba a jarraba ta haka ba, ba abin dogara ba ce.

Abin da aka gano a Binin

A 2023 masana daga Jami'ar Minnesota ta Amurka, tare da ƙungiyar TechnoServe, sun fitar da taswirar gonakin yazawa ta Jamhuriyar Binin, ƙasar da ke da manomanta kusan 200,000. Sun gano cewa filin da yazawa ta mamaye ya kusa ninkawa tsakanin 2015 da 2021. Kashi 60 cikin 100 na sababbin gonakin an yi su ne a kan gonakin abinci da saura. Bugu da ƙari, kutsen da yazawa ta yi cikin gandayen dajin da doka ta keɓe ya ƙaru da fiye da rabi. Sannan rabin gonakin ne kacal ke cike da bishiyoyi yadda ya kamata.

Illa ga daji

Mai karatu na iya cewa ai bishiya bishiya ce. Ga idon tauraro ma haka abin yake idan ba a tantance ba: ana iya sare daji a dasa yazawa, taswira ta nuna kore ya ƙaru. Amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta lissafa gonar itatuwan marmari a matsayin daji. Dajin sabana yana ɗauke da kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da marke, da tsuntsaye da namun da suka dogara da su. Kaɗanya kan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'ya, don haka idan an sare ta, matan da ke yin man kaɗe sun yi asara mai tsawo. Har ila yau, idan kawunan yazawa suka haɗe, inuwa kan hana doya da masara yi a ƙarƙashinsu, sai manomi ya nemi sabon fili a daji. Makiyaya ma kan tarar an dasa bishiyoyi a burtali.

Duk da haka, yazawa ba abokiyar gaba ba ce. Da kuɗinta iyalai da yawa ke biyan kuɗin makaranta da na magani, kuma a filin da ya riga ya lalace tana riƙe ƙasa.

Kammalawa

Amfanin taswira shi ne nuna wa hukuma da malaman gona inda ya dace a dasa da inda ya kamata a tsare. Sakamakon Binin ya nuna cewa ana iya ƙara amfani ta hanyar cike gurabe a tsofaffin gonaki da kula da su, ba sai an taɓa daji ba. Tun daga 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga kowa, haka ma na Sentinel-2, saboda haka makarantar da ke da kwamfuta da intanet za ta iya duba yankinta.

Aiki ga ɗalibai

1. Gona tana da tsawon mita 200 da faɗin mita 150. Gida nawa za ta cika a hoton Sentinel-2, nawa kuma a na Landsat?
2. A lissafa NDVI idan infared 45 ne, ja kuma 15.
3. Me ya sa hoton watan Fabrairu ya fi na watan Agusta amfani wajen gano yazawa?