Amsoshin Tambayoyinku: Saiti Mai Kafa a Tsohuwar Bindigar Farauta

Wani mai sauraronmu ya tambaya ko za a iya sa wa tsohuwar bindigar farauta mai sakata saiti mai 'yar kafa.

To Malam, ana iya yi, kuma ido yana samun sauƙi ƙwarai. Da tsohon saiti mai tsagi, ido na fama da abu uku: tsagin, tsinken gaba da dabbar. Da mai kafa kuwa, leƙawa kawai za ka yi, idon da kansa yake kai tsinken tsakiyar da'irar. Shi ya sa bindigar Lee-Enfield lamba 4 ta Ingila ta zo da irinsa.

Kamfanin Lyman na Amurka ya yi irin wannan saiti, samfurin 48, wanda ake ɗaurawa a gefen gidan sakata. Yawanci sai an huda ƙarfen wuri biyu an yi zare, wani lokaci a ɗan fafe ƙotar. Don Allah kada ka yi wannan da kanka. Kai wa ƙwararren maƙerin bindiga. Ka kuma sani, hudar tana rage darajar tsohuwar bindiga a wajen masu tara su. Tsinken gaba ma sau da yawa sai an sauya shi da mai tsayi, in ba haka ba harsashi zai riƙa wucewa ta sama.