Darasin Lafiya: Ƙwaƙwalwa, Jijiyoyi da Ciwon Farfaɗiya

Karatu: Zabura 139:13-16, Markus 9:14-27

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin wannan. Ana cikin sujada ran Lahadi, sai wani yaro ya yi ƙara, ya faɗi, jikinsa ya sandare, ya shiga fizge-fizge, kumfa tana fita daga bakinsa. Nan da nan mutane su watse, mata su janye 'ya'yansu, gama an ce duk wanda yawun ya taɓa zai kamu. Yaron ya farfaɗo, ya ga ba kowa kusa da shi sai uwarsa tana kuka. Lahadi mai zuwa kuwa ba za a kawo shi ba. Ba mugunta ce ta kori 'yan'uwa ba, rashin sani ne. Saboda haka a wannan wata bari mu dubi ƙwaƙwalwa da aikinta, domin mu san abin da ya sami yaron nan, da abin da ya wajaba a kanmu.

1. Sarki a Fadarsa

Ƙwaƙwalwa ita ce sarkin jiki. Nauyinta a babban mutum bai cika kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kuwa kamar na awarar da ba a soya ba. Domin haka Allah ya yi mata ganuwa uku: ƙoƙon kai, da tantani uku da suka lulluɓe ta, da wani ruwa garau wanda take shawagi a ciki. Kumburin tantanin nan shi ne sanƙarau. Cikinta akwai ƙananan ƙwayoyi masu aika saƙo wajen biliyan 86. Ita kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa.

Fadar tana da sassa uku. Na fari shi ne babbar ƙwaƙwalwa, wadda ta rabu biyu. Ɓarin hagu yana mulkin hannu da ƙafa na dama, na dama kuma yana mulkin na hagu. Wajen goshi ake shawara da kamun kai, wajen kunne ake ji da tunawa, gani kuwa can ƙeya yake. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba ƙwaƙwalwar wani mutum da ya rasa magana, ya tarar da miki a gaban ɓarin hagu. Shi ya sa wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye sau da yawa harshensa ma yakan ɗaure.

Na biyu shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa, a ƙasan ƙeya. Ita ke daidaita tafiya, har mace ta ɗauko tulu a ka daga rafi ruwa bai zuba ba. Ita ce burkutu ke rikitawa, mashayi ya yi ta tangaɗi. Na uku shi ne tushen ƙwaƙwalwa, mai lura da numfashi da haɗiya da saurin bugun zuciya. Kuna barci yana tsaro, ba ya hutu.

2. Manzannin Sarki

Daga tushen nan laka ta sauka ta cikin ƙashin baya. Ku lura, mu Hausawa mukan ce jijiya ga abu biyu. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar saƙo, fara kamar zare. Da ita muke a nan. Jijiyoyi 12 bibbiyu sun fito daga ƙwaƙwalwa, 31 bibbiyu kuma daga laka, suka yi rassa har kan yatsu. Waɗansu suna kai labari fada, waɗansu suna kawo umurni ga tsoka. Mafi saurinsu yana gudun mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya.

In kun taka garwashi, kukan ɗauke ƙafa tun ba ku ji zafi ba. Laka ce ta yanke shawara, kamar hakimin da gobara ta tashi a garinsa; ya fara kashe wuta, kana ya aika wa sarki. Kuturta kuwa manzannin nan take lalatawa. Mai ita yakan ɗauki tukunya mai zafi bai ji ba, miki ya bi miki, har yatsu su ƙare.

3. Mene ne Farfaɗiya?

Saƙon da jijiyoyi ke ɗauka ɗan ƙaramin lantarki ne. A 1924 wani likitan Jamus, Hans Berger, ya fara auna shi daga kan mutum, har yau kuma da irin na'urarsa ake bincike a manyan asibitoci. In lafiya lau ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna magana bi da bi, kamar fadawa a gaban sarki. Amma wani lokaci dubbai sukan ɓarke da ihu gaba ɗaya. Umurni ya rikice, jiki ya faɗi. Bayan minti ɗaya ko biyu ihun yakan kwanta. Wannan ita ce farfaɗiya. Ba kowa ke faɗuwa ba. Wani yaron ƙura ido kawai zai yi na ɗan lokaci, malami ya ce ba ya sauraro.

Sau da yawa tabo ne a ƙwaƙwalwa ke kawo ta: doguwar naƙuda, faɗuwa daga babur ba hular kwano, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Ku masu kiwon alade, ku ji wannan. Wanda ya ci naman alade da bai dahu ba yakan sami tsutsa a hanji. In ƙwanta ya fita cikin bayan gida ya shiga abinci ko ruwan sha, yakan iya kai wa ga ƙwaƙwalwar wani, ko da wanda bai taɓa cin naman ba. Ku gina masai, ku wanke hannu da sabulu, ku tsare aladu a garke. A waɗansu mutane kuwa gado ne, a waɗansu likita ba ya samun dalili. Amma ba a ɗaukarta ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Wani zai ce, ashe, ba ƙazamin ruhu Markus ya ambata ba? Gaskiya ne, game da wancan yaro. Amma ku buɗe Matiyu 4:24, za ku ga an lasafta masu farfaɗiya dabam, masu aljanu dabam. Kada mu yi saurin ɗora wa ɗan'uwa sunan da Allah bai ɗora masa ba. Ku lura kuma da abin da Ubangiji Yesu ya yi. Taro yana kallo, shi kuwa ya kama hannun yaron ya tashe shi.

4. In Ɗan'uwa ya Faɗi

Ku janye shi daga wuta, ko ruwa, ko bakin hanya.
Ku sa zane a ƙarƙashin kansa, ku kwance wuyan riga.
Kada ku danne shi. Kada ku cusa cokali ko yatsa a bakinsa. Ba mai iya haɗiye harshensa.
Kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada ku yi masa hayaƙi.
In fizge-fizgen ya tsaya, ku kwantar da shi a gefe ɗaya domin yawu ya zubo.
In ya wuce minti 5, ko ya sake tashi, ko ya ji rauni, ko karo na fari ne, ko mace mai ciki ce, sai asibiti maza.
Ku zauna da shi har hankalinsa ya komo, ku yi masa magana mai daɗi.

5. Akwai Magani

Tun 1912 aka fara ba masu farfaɗiya ƙwayar fenobabiton, yanzu kuma akwai waɗansu da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da ciwon, kuma har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Sharaɗinsa a sha kullum, kada a bari sai likita ya ce. Mai ciwon ya sami isasshen barci, ya rabu da giya, kada ya hau itace, ko ya je rijiya ko murhu shi kaɗai. Yana iya karatu, da noma, da aure, da waƙa a ekklesiya. Mu yi masa addu'a, mu kuma kai shi asibiti. Gama Allah da ya yi ƙwaƙwalwa shi ya ba likita ilimi.

Tambayoyi

1. Ku faɗi sassa uku na ƙwaƙwalwa da aikin kowanne.
2. Don me kuturu ba ya jin zafin tukunya?
3. Waɗanne abubuwa ne ba a yi wa wanda ya faɗi?
4. Akwai wanda ya daina zuwa sujada a wurinku saboda farfaɗiya? Wa cikin dattawa ko zumuntar mata zai ziyarce shi a wannan mako, ya tambaya ko kuɗin magani ya isa?