Mu auna kaurin daɓe

Daɓen ɗaki ba abu guda ba ne. Hawa-hawa ne, wani bisa wani. A garuruwan Magarya da Dungas ana samun iri biyu: daɓen ƙasa da daɓen siminti.

A daɓen ƙasa, ana fara zuba ciko, a shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa. Mata su yayyafa ruwa, su buga da madaɓi har ya kwanta. Daga baya su zuba ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don daɓen ya yi ƙarfi. A daɓen siminti kuwa, ciko ne a ƙasa, kankare a tsakiya, shafen siminti a sama.

Wata rana akan so a fasa daɓe don a shigar da tiyon ruwa, ko a kafa ginshiƙi. Magini mai hankali ba ya fara bugu sai ya san kaurin kowane hawa. In ya zarce, yana iya huda tsohon tiyo, ko ya sari wayar lantarki, wadda take iya kashe mutum. In ramin ya yi yawa, za a ɓarnatar da siminti, kuma gara da laima su sami hanya.

Ga hanyoyi uku na gane kauri.

1. A duba bakin ƙofa. Sau da yawa gefen daɓe yana bayyana a nan, ana ganin hawa-hawan.

2. A auna daga taga. A cikin ɗaki, a auna daga gindin taga zuwa daɓe. A waje, a auna daga gindin taga zuwa ƙasa. Sai a ɗebe ƙaramin daga babban. Amma a fara share rairayin da iska ta tara a gindin bango, in ba haka ba awon zai yi ƙarya.

3. A huda ƙaramin rami a kusurwa. A zura tsinke har ya taɓa ciko, a riƙe da ɗan yatsa, a zaro, a ɗora bisa ma'auni.

Misali:
A waje, santimita 120. A ciki, santimita 95.
120 – 95 = 25
Kaurin duka santimita 25 ne. Tsinke ya nuna kankare da shafe santimita 10.
25 – 10 = 15
Ciko santimita 15 ke nan.

A ƙasashe masu sanyi, kamar Faransa, ana shimfiɗa katako a ƙasan ɗaki. Can ma kafinta yakan auna kaurin katakon kafin ya sa zarto, don kada ya yanki abin da ke ƙarƙashi.

Mu riƙe:
Awo kafin sara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Da me ake buga daɓen ƙasa?
2. Don me ake share rairayi kafin a auna a waje?
3. A waje santimita 110, a ciki santimita 88. Nawa ne kaurin duka?

Aikin yi:
Ku kasu kashi uku. Kowane kashi ya auna daɓen ajinmu ta taga guda. Ku rubuta awonku a allo, ku gwada. In sun bambanta, ku nemo dalili.