Amsar Tambaya: Kare Lafiya Lau, Gwiwata Ce Ke Ciwo

Tambaya: Ina zaune a Birmingham, ina wasan nan na bi da kare yana tsallake shingaye yana kutsawa cikin bututu. Karen ƙalau yake, ni ce gwiwa ta dama ke damuna. In daina?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki daina tukuna. Tun da aka fara nuna wasan a bikin karnuka na Crufts a Landan a 1978, idon 'yan kallo na kan kare, an manta mai shi ma gudu yake. Kuma ba gudu ne miƙe ba. Ki zabura, ki tsaya cak, ki juya a gabansa, idonki na kansa ba a ƙasa ba. A wannan juyin ne ƙafa ke kafewa a ciyawa, jiki ya murɗa, gwiwa ta sha nauyin. Daga nan ake samun targaɗen idon sawu da yagewar naman bayan cinya.

Na san kina motsa wa karen jiki kafin ku shiga fili. Ke fa? Ki yi sassarfa ta minti 10, ki sa takalmi mai riƙe ƙasa, musamman in ciyawa ta jiƙe. Lokacin zagaya fili kafin gasa, ki lura da inda za ki juya. Ki kuma koya masa bin umarni daga nesa, ba sai kin kai kowane shinge ba.

Amma in gwiwar ta kumbura, ko kin ji ƙara a ciki, ko tana lanƙwashewa in kin taka, ki ajiye wasan ki ga likita, don jijiya ce mai yiwuwa ta yage.