DARASIN KIWON LAFIYA: MATA DA ƊIGAR FITSARI

Ƴan uwa manoma, maza da mata, darasinmu na yau game da wata damuwa ce da mata da yawa ke ɓoyewa don kunya. Mace ta yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko ta ɗaga tulu, sai ta ji fitsari ya ɗigo mata ba da sonta ba. Wata ta daina zuwa biki da kasuwa, wata alwala ta gagare ta riƙewa. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma yana da magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyalinsa.

1. Me ke kawo shi?

A ƙasan mara akwai wata tsoka mai tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Ita ce kuma ke taimakawa wajen tsuke hanyar fitsari. Ciki da haihuwa bi da bi, ɗaukar kaya masu nauyi, tari mai daɗewa, yunƙuri wajen bayan gida mai tauri, ƙiba, da tsufa bayan ɗaukewar al'ada, duk suna sa ta saki. In ragaya ta saki, ƙwarya sai ta karkace.

Tsoka kuwa tana ƙarfi in ana motsa ta, kamar damtsen mai daka. A shekarar 1948 wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan hanya, har yau kuma da ita likitoci ke farawa.

2. Yadda za ki gane tsokar

Ki kwanta rigingine, ki tanƙwasa gwiwoyi. Ki matse kamar kina hana iska fita a cikin mutane, ki ja sama zuwa ciki. Kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kada ki riƙe numfashi. In kina shakka, ki wanke hannu da sabulu, ki sa yatsa ɗaya a gabanki, ki matse. In kin ji an kama yatsan, to kin samu tsokar.

3. Yadda ake motsa ta

Ki matse, ki ƙirga 1 zuwa 5, ki saki, ki huta kamar haka. Ki yi sau 8 zuwa 10. Bayan nan ki yi matsi na sauri, matse ki saki, sau 10. Ki yi haka sau 3 a yini: safe, rana da dare. Sannu a hankali ki kai ƙirga zuwa 10. In kin saba a kwance, ki yi a zaune, sannan a tsaye, ko kina tankaɗe ko kina ba jariri nono. Ba wanda zai gani.

Kafin ki yi tari ko ki ɗaga tulu ko damin hatsi, ki fara matsewa. Amma kada ki mai da tsaida fitsari a tsakiyar yinsa al'ada, don yana hana mafitsara zubar da shi duka.

Sai da haƙuri. Gero ba ya nuna ran da aka shuka shi. Ki yi aƙalla wata 3 kullum kafin ki auna amfaninsa, in kin samu sauƙi kuma ki ci gaba.

4. Na'urar da ke nuna matsi

A wasu manyan asibitoci akwai ƴar na'ura da ake sa wa mace a gaba. In ta matse, sai alama ta hau a allo ko ƙara ta tashi, ta ga ƙarfin matsinta da idonta. Tana taimaka wa wadda ta kasa gane tsokar. Amma a shekarar 2020 an fitar da sakamakon wani bincike na ƙasar Birtaniya a kan mata 600. Bayan shekara 2, waɗanda suka yi da na'ura ba su fi waɗanda aka koya musu motsin kawai samun sauƙi ba. Saboda haka matar karkara ba ta yi hasara ba. Ungozomar asibiti tana iya duba ki da hannu ta gaya miki ko kina yi daidai.

5. Abin kiyayewa

Kada ki rage shan ruwa don tsoron ɗiga. Ki rage shayi da kofi da goro. Ki ci ganye kamar zogale don bayan gida ya yi laushi. A nemi maganin tari.

In fitsari na zafi ko da jini, a je gidan likita. In kuwa yana zuba dare da rana ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne: huda ce, motsi ba ya rufe ta, sai aiki. Ana yin aikin a Yamai da Damagaram, da asibitin Danja kusa da Maraɗi da aka buɗe a 2012. Maigida, kada ka ƙyamace ta, ka kai ta.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ke sa tsokar ta saki?
2. Sau nawa ake motsa ta a yini, kuma har wata nawa?
3. Yaya ake bambanta ɗigar fitsari da yoyon fitsari?