Darasin Kariya: Birkin da Ya Cije da Man Birkin da Ya Lalace

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a Agoè-Assiyéyé da Zongo da babur ko mota muke ciyar da iyali. Wasu na zemijan, wasu na ɗaukar kaya daga kasuwar Assiyéyé, wasu na bin babbar hanya mai lamba 1 zuwa Sokodé da Kara da Dapaong. Abin hawan sau da yawa na haya ne ko na aro, haɗari ɗaya ya isa ya raba gida da abincinsa. Shi ya sa darasinmu na yau a kan birki yake.

Yadda birki ke aiki

Idan muka taka birki, man birki ke bin tiyo ya tura fistin da ke cikin mamatsi, wato ƙarfen da ya rungumi faifan taya. Fistin ya danna takalman birki a jikin faifai, taya ta tsaya. Da mun ɗaga ƙafa, dole fistin ya saki. In tsatsa ko laka ta hana shi, birki ya cije ke nan. A damina, da ruwa ke kwanciya a titunan Zongo, an fi samun wannan matsala.

Alamomin cijewa

Mota na ja gefe ɗaya. Taya ɗaya ta fi sauran zafi, ko tana warin ƙuna. Mai na saurin ƙarewa. Takalmi ɗaya ya cinye, ɗan'uwansa na nan da kauri. Babur kuma yana nauyin turawa ko da ba ya cikin giya.

Yadda za mu gwada

1. Bayan 'yar gajeriyar tafiya, mu kai hannu kusa da kowace taya. Kada mu taɓa faifai, yana ƙona fata.
2. Mu ɗaga tayar da jak, mu sa abin tokare, mu taka birki mu saki, sannan mu juya ta da hannu.
3. In ta ƙi juyawa, bakanike ya ɗan kwance ƙusar fitar da iska da ke jikin mamatsi. In mai ya tsarto tayar ta saki, to ba mamatsi ne ya riƙe ta ba: tiyo ne ya toshe daga ciki, ko famfon birki. In ba ta saki ba, fistin ne ko sandunan da mamatsi ke zamewa a kai.

Wannan gwaji na hana mu sayen abin da bai lalace ba.

Man birki

Man DOT 3 da DOT 4 na zuƙar laima daga iska, Lome kuwa bakin teku take. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma in ruwa ya shige shi kashi 3.7 cikin ɗari, yana iya tafasa tun daga digiri 155. A doguwar gangara irin ta Alédjo, mamatsin da ya cije na dafa man, ya zama tururi, ƙafa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba.

Mai lafiyayye garau yake, da ɗan ruwan ɗorawa. In ya yi duhu ko gurɓi, ko birki ya yi laushi kamar soso, a zubar da shi duka, a zuba sabo, a fitar da iska. Ko babu alama, mu canza shi duk shekara 2.

Mafi muni shi ne a zuba man inji ko na sitiyari cikin kuskure. Yana kumbura robobi, ya jawo cijewa. Mu duba robar murfin tulu: in ta kumbura ta yi lakaf, akwai matsala. Ko mu ɗiga man a ruwa: na birki yana narkewa, na inji yana tasowa sama. In haka ta faru, canjin mai kaɗai bai isa ba, sai an sauya duk robobi da tiyo. Kada kuma mu gauraya DOT 5 da sauran.

A gida

Mu sayi man da ke rufe da hatiminsa, irin wanda aka rubuta a murfin tulu, ba na kwalba buɗe a bakin titi ba. Man birki guba ne, kada mu zuba shi a gorar ruwa ko mu ajiye inda yara ke kaiwa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi asibiti tare da robar man.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ya ajiye abin hawan, ya sanar da mai shi, kada ya ɗauki fasinja sai an gyara. Mu karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya tsare mu a hanya.