Tsarin Haƙar Dutse da Farfaɗo da Ƙasa: Nazari a Kan Ramin Mpape

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tsara haƙar dutse mai tauri, musamman giranit, da yadda ake farfaɗo da ƙasar bayan aiki ya ƙare. Ta ɗauki tsohuwar mahaƙar Mpape da ke Abuja a matsayin misali, domin nuna cewa makomar rami tun ranar da aka zana taswirar haƙarsa ake yanke ta.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kududdufi. Unguwannin da aka gina da jar ƙasa a Kano da Zariya sun bar ramukan da aka ɗebi ƙasar, damina kuma ta riƙa cika su da ruwa. Sai dai kududdufi yakan cike da shara da yashi a hankali, har a wayi gari an yi gini a kansa. Ramin dutse ba ya cikewa haka, domin abin da aka cire an niƙe shi ya zama tsakuwa, ya tafi cikin tituna da gadoji. Shi ya sa aka zaɓi kalmar "farfaɗowa" a nan, aka bar "mayarwa", tun da babu abin da za a mayar.

2.0 Abin da Tsari Ya Ƙunsa

Kafin a sa nakiya ta farko, ana kankare ƙasar noma da ke saman dutsen a tara ta daban, ba tare da an cakuɗa ta da marmara ko ɓaraguzai ba. Tarin ba ya son tsawo, domin nauyi yana danne ƙasar ya kashe iri da ƙananan halittun da ke cikinta, kuma akan shuka masa ciyawa don kada ruwan sama ya wanke shi. Wannan shi ne mataki mafi arha, kuma shi aka fi yin sakaci da shi.

Shi kansa dutsen hawa-hawa ake yanka shi kamar matakala, kowane hawa yakan kai mita 10 zuwa 15, a bar fili tsakaninsa da na ƙasansa. A lokacin aiki, filin yana tare duwatsun da suka gangaro. Bayan aiki kuwa, a kansa ake shimfiɗa ƙasar da aka ajiye a dasa itatuwa. Mai haƙar da kwaɗayi ya sa ya cinye waɗannan filaye, ya bar bango guda a miƙe, ya rufe ƙofar gyara ga duk wanda zai zo bayansa. Tsarin yana kuma auna zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda da zarar rami ya wuce shi, to ranar da aka kashe injin jan ruwa tafki zai fara taruwa. Akwai batun ƙura ma, wadda ke ɗauke da sinadarin silika mai lalata huhun ma'aikata, kuma feshin ruwa ke rage ta.

3.0 Mpape da Bamburi

Daga ƙarshen shekarun 1970, bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, mahaƙar Mpape ta riƙa samar da tsakuwar gina Abuja. Da aka daina aiki, ruwa ya cika ramin, kuma a shekarar 2020 hotunansa suka bazu a intanet, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa. Kyan wurin ba ya musantuwa, amma dace ne kawai. Tafki mai zurfi da gaɓa a tsaye, kusa da unguwa mai cunkoso, wuri ne da wanda ya zame ba shi da abin kamawa.

A Bamburi, kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, masanin noma René Haller ya fara farfaɗo da ramin dutsen siminti a 1971. Cikin nau'in itatuwa 26 da ya gwada, uku kaɗai suka rayu, har da kasuwarina. Ya kawo ƙadandoniya ta riƙa cin ganyen da ya zuba, kashinta ya zama taki, har wurin ya koma dajin da ake kira Haller Park. Abin lura shi ne dutsen Bamburi mai laushi ne, saiwa tana iya ratsa shi. Giranit ba ya ba da wannan dama, don haka idan ba a ajiye ƙasa tun farko ba, sai an sayo ta an kawo a mota.

4.0 Matsayin Doka

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 da Dokar Ma'adanai ta 2007 sun wajabta wa mai haƙa a Nijeriya ya gabatar da shirin kare muhalli da gyaransa, ya kuma riƙa zuba kuɗi a asusun da aka keɓe don haka. Mahaƙar Mpape ta girmi dokokin biyu. Ga sababbin mahaƙai kuwa, lasisin fasa dutse na shekara biyar ne, ana sabunta shi, alhali itacen da aka dasa a kan hawan dutse yakan buƙaci kulawa fiye da haka. Lokacin sabuntawar shi ne damar da hukuma take da ita ta je ta ga ko tarin ƙasar saman yana nan, ko kuwa an riga an sayar da shi ga masu cikon fili.